Malam Gobe da Gem ɗin Akuya

Shekara talatin da huɗu Malam Gobe ya yi a gidan burodi guda, kuma a mafi yawan shekarun nan aikinsa bai wuce amsa tambaya ɗaya ba: gobe buhun fulawa nawa za a kwaɓa? Daga nan sunan ya samo asali. Da la'asar ta yi, babban mai kwaɓi zai leƙo ɗan ofishin da ke bayan injin yanka ya ce, "Malam, gobe fa?" Shi kuma ya yagi takarda, ya rubuta lamba ɗaya, ya miƙa masa. Ma'aikatan da suka zo daga baya ko sunansa na yanka ba su sani ba.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce wannan ai ba aiki ba ne. To ya je ya gwada. Burodi ba ƙusa ba ce da za a jibge a sito ta shekara. In aka gasa ya yi yawa, jibi direbobi za su dawo da shi a bayan mota ya yi tauri, a sayar wa masu kiwon kaji a wulaƙance. In ya yi kaɗan, masu shaguna su koma wani gidan burodin, kuma wanda ya tafi ba lallai ya dawo ba.

Da keke ya fara, yana ɗan shekara ashirin, da akwatin katako a baya wanda ya fi shi faɗi. A watansa na farko ya haɗu da wani mai shago mai zaƙin baki, wanda ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Samari, kawo min hamsin kullum, unguwar nan burodi ba ya kai azahar." Ya kai hamsin yana murna. Bayan kwana biyu mutumin ya dawo masa da talatin da takwas, ko kunya babu, domin ƙa'idar sana'ar ke nan: abin da ya yi kwantai na mai gasawa ne, ba na mai shago ba. Maigidan na lokacin bai zage shi ba. Ya sa aka jera talatin da takwas ɗin a kan benci, ya ce ya zauna ya kalle su har a tashi aiki. Ya kuwa zauna. Har yau in ya ba da labarin sai ya ce da zagin aka yi masa da ya fi sauƙi.

Tun daga ranar ya daina tambayar kowa nawa zai sayar. Sai dai ya ce, "In ba maidowa, nawa za ka ɗauka?" Nan take mai cewa hamsin zai sosa ƙeya ya ce sha biyar. Sha biyar ɗin ita yake riƙewa. Sauran kuwa aikin ido ne da kunne: yau nawa ga wata, an yi albashi ko ana jira, makarantu suna hutu ko sun koma, titin wace unguwa aka haƙe, hadari ya haɗu ko bai haɗu ba. Bai taɓa cewa ba ya kuskure ba. Amma kuskurensa na rabin buhu ne, ba na mota guda ba.

Da wannan ɗan aikin da ake rainawa ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya kai su makaranta, ya rufa wa gida asiri. Auta ce ta ƙarshe, ita ce kuma ta fi kwanta masa a rai. Ta karanta gwajin jini, ta yi shekara huɗu tana yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan har takalmanta suka cinye, sannan Allah ya yi ta samu aiki na dindindin a ɗakin gwaji na wani babban asibiti. A makon da ta fara saka farin kwat, Malam Gobe ya bi layi ya biya kuɗi aka ɗebi jininsa, alhali lafiyarsa lau. So yake kawai ya gan ta a bayan tebur ɗin.

Sai dai Auta tana da hannun zane tun tana ƙarama, kuma ta nan abin ya ɓullo. Malam Gobe yana da ɗan ƙanwa da kowa ke kira Injiniya, ma'aikacin kamfanin waya, yaro mai kai, mai baki kuma fiye da kan. Shekara uku da suka wuce shi da Auta da wani abokinsa mai rubuta manhaja suka haɗa gem na waya. Akuya ce ta tsinke igiya a kasuwa, tana tsallake tebura, tana wawurar ganye, mahauci yana bin ta da gudu. Auta ce ta zana komai, har karkataccen gemun akuyar. Kyauta ake sauke shi, mai son a cire masa talla ne kawai ke biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Gem ɗin ya bazu. Da idonsa Malam Gobe ya ga direbobinsa sun bar lodi suna ihu a kan akuyar 'yarsa, ya kore su bakin aiki yana ɓoye murmushi.

Bana suka ce za su yi kashi na biyu, babba, na sayarwa, a kan kuɗin manyan burodi biyu. Suka buɗe karo-karo ta intanet, mutum dubu biyu da ɗari shida suka zuba kuɗi, aka yi ta murna. Malam Gobe ma ya taya su, ya ce Allah ya sa albarka, bai sa bakinsa ba don ba a tambaye shi ba.

Wata Juma'a da yamma matarsa ta ajiye masa ruwa, ta ƙi tafiya.

"Ka ji 'yarka za ta bar asibiti?"

Ya ajiye kofin bai sha ba.

"Wai zanen ya yi yawa, sai ta zauna masa gaba ɗaya. Kuɗin karo-karon zai riƙe ta wata shida, daga nan kuma ciniki ya ɗauka. Sun ɗauko wani masani ya yi musu ƙiyasi. Ni dai na gaya maka, kar gobe ka ce na ɓoye."

Washegari da hantsi ya kira Auta falo, ya ce ta zo da kwamfutarta. Ta zo tana dariya irin ta mai neman a yafe mata tun kafin a fara. Ta nuna masa shafukan masanin, masu launi, kibiya sai sama take yi. Mutum dubu ɗari huɗu sun sauke kashi na farko. In ɗaya cikin goma ya sayi na biyu, dubu arba'in ke nan. Su kuwa dubu goma sha biyu kacal suke buƙata kafin ta riƙa samun abin da take samu a asibiti.

Ya gyara tabarau. "Shi ɗaya cikin goman, wa ya gaya masa?"

"Haka ake ɗauka, Baba. Ya ce ma ya rage ne."

"To. Cikin dubu ɗari huɗun, nawa suka taɓa sa hannu a aljihu don akuyar nan?"

Ta duba. Waɗanda suka biya aka cire musu talla, dubu uku.

"Su waɗannan da suka yi karo-karo, me kuka ce za ku ba su?"

"Suna a jerin godiya, da gem ɗin kyauta ranar da ya fito."

"Kyauta." Ya matso kusa da kwamfutar. "Za ki iya gane min ko mutanen nan guda ne? Masu biyan jiya da masu karo-karon yau?"

Ta ce akwai adireshin imel na kowa. Ta jera biyun, ta danna, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Cikin dubu ukun da suka taɓa biya, dubu biyu da ɗari uku suna cikin masu karo-karo.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne sauƙin abin. Minti goma bai cika ba. Duk mai ƙaunar akuyar nan har ya iya rabuwa da kuɗinsa ya riga ya rabu da shi, an kuma yi masa alkawarin kaya kyauta. An sayar da burodin gobe tun jiya, an kashe kuɗin a fulawa, sannan wani mai digiri ya zo ya sake ƙirga mutanen a layin masu saye. Saura mutum ɗari bakwai. Ya ƙara musu sababbin da za su gani su so, ya ƙara na albarka, ya ce dubu biyu, in abin ya yi kyau.

"Kin miƙa takardar barin aikin?"

Ta rufe kwamfutar. "Baba, gobe muna da zama. Ka zo ka faɗa musu da bakinka."

Ofishin nasu ɗaki ne guda a saman shagon taya, an shafe bango da ruwan ɗorawa, an manna hoton akuyar ƙato. Kujerun irin masu laushin nan ne marasa ƙafa, da in dattijo ya zauna sai an kama shi zai tashi. Malam Gobe ya duba su, ya jawo bencin da ake ɗora firinta ya zauna. Injiniya ya tarbe shi da fara'a har da rusunawa, amma Malam Gobe ya ga lokacin da ya harari Auta. Mai manhaja yana lungu da abin jin sauti na kunne rataye a wuya. Masanin kuwa matashi ne da kwat a wannan zafin, yana riƙe da ɗan abin nuni mai jan haske.

Aka kunna allo. Masanin ya yi minti arba'in yana magana, rabi da Hausa, rabi da abin da shi kaɗai ya san ma'anarsa. Ya kawo labarin wasu gem na ƙasashen da ba wanda ya taɓa zuwa a ɗakin. Ya nuna ƙiyasi uku, na ƙasa da na tsakiya da na sama, kuma ko na ƙasan dubu ashirin da biyar ne. Malam Gobe ya jira har ya gama, don ba a haife shi ya katse mutum ba. Sannan ya faɗi abin da suka gano shi da Auta, lamba bayan lamba, ba ƙari.

Masanin ya yi murmushin da ake yi wa tsohon da ya tambayi inda ake zuba wa waya kalanzir.

"Baba, ai su masu karo-karon jakadunmu ne. Kowane ɗaya zai jawo goma."

"A kashi na farko sun jawo dubu ɗari huɗu. Nawa suka biya a ciki?"

"Wancan kyauta ne."

"Shi ya sa suka zo."

Injiniya ya yi dariya, ya tafa hannu. "Kawu, Allah ya ja kwana, wannan fa ba burodi ba ne. Gem ba ya kwantai. Ba ya tauri, ba ya fumfuna, ba mai dawo mana da shi a bayan mota. Ku zamaninku daban, namu daban."

Mai manhaja ya ƙyalƙyale. Masanin ma ya taya. Yaron da Malam Gobe ya goya a kan keken burodi zuwa makaranta shekara biyu lokacin da ubansa ke kwance, shi ne yau yake koya masa abin da ke kwantai. Ya ji zafin har cikin kunnuwansa. Amma shekara talatin da huɗu na mu'amala da masu shago sun koya masa cewa mai ɗaga murya ba ya jin amsa.

"Gaskiyarka," ya ce. "Gem ba ya kwana. Mutum ne ke kwana. In wata shida ya cika ciniki bai zo ba, akwai wanda za a dawo da shi gida. Shi nake so in sani." Ya juya ga masanin. "Ɗana, kai kuɗin aikinka a cikin dubu arba'in ɗin za a cire, ko an riga an ba ka?"

Masanin ya gyara wuyan kwat. Ya ce su a tsarinsu kafin aiki ake biya.

"In aka ce ka dawo da shi, a ba ka ninki biyu ranar da aka sayar da dubu ashirin da biyar, naka na ƙasa, ka yarda?"

Ya ce ƙa'idar kamfaninsu ba ta ba da dama ba. Ya fara naɗe wayar kwamfutarsa.

Malam Gobe ya dubi mai manhaja. Wannan bai wahalar da kowa ba, ya ce shi yana nan a wurin aikinsa, da yamma da ranakun hutu yake taɓa gem ɗin, kuma tun farko haka ya faɗa.

"Kai fa, Injiniya? Ka ajiye naka?"

"Kawu, ai ni tsarin daban ne."

"Ka ajiye ko ba ka ajiye ba?"

"Na ɗauki hutun wata uku. In abu ya kankama sai in..."

"Hutu?"

Auta ce ta faɗa, daga inda take tsaye a jikin taga. "Hutu, Yaya? Ba kai ka ce min ranar ɗaya ga wata ka miƙa taka ba? Ba kai ka ce in ban miƙa tawa ba na ci amanar mutum dubu biyu da ɗari shida?"

"Na rubuta, wallahi na rubuta. Maman yara ce ta ce in dakata. Kin san ni da iyali, ke kuwa ba ki da nauyin kowa."

Ba ta da nauyin kowa! Wato shekara huɗun da ta yi tana bin ofisoshi ba nauyi ba ne, farin kwat ɗin ma rigar wasa ce. Mutum uku a ɗakin nan sun yi rantsuwa da dubu arba'in, kuma ba ɗaya a cikinsu da ya yarda ya ɗora ko silifas ɗinsa a kai. Aikin 'yar mutane suka ɗora.

Malam Gobe bai kalli Injiniya ba. 'Yarsa ya kalla.

"Yaushe kika miƙa?"

"Sati uku ke nan, Baba. Juma'ar nan wa'adin ke cika."

Ya tashi daga bencin da kansa. Injiniya ya biyo shi har matakala yana Kawu ka tsaya, Kawu ka fahimce ni, ai duk don ci gabanta ne. Bai juyo ba, don ya san in ya juyo zai faɗi abin da zai raba shi da ƙanwarsa har abada.

Ranar Litinin da safe ya saka rigarsa mafi kyau, ya aika gidan burodi cewa zai makara, ya tafi asibitin ba tare da ya gaya wa kowa ba. Mutumin nan bai taɓa roƙon alfarma a wurin kowa ba. Ko lokacin da Auta ke neman aikin, da aka ce ya je ya ga wani babba, cewa ya yi takardunta su yi mata magana. Yau ga shi a kan bencin ƙarfe a ƙofar ofishin shugabar ma'aikata, tsakanin mai neman canjin hutu da mai kawo takardar haihuwa, yana maimaita a ransa yadda zai fara. Awa uku ya yi. Sau biyu sakatare yana tsallake shi ya shigar da wanda ya zo bayansa, ya haɗiye.

Shugabar mace ce mai kirki, abin da ya ƙara wa abin ciwo. Ta ba shi kujera, ta saurare shi har ƙarshe. Ya ce yarinya ce, an ruɗe ta, a taimaka a mayar mata da takardarta, shi uba ne. Bai san lokacin da ya zame daga kujerar ya kai gwiwa ɗaya ƙasa ba.

"Subhanallahi, Baba, tashi, don Allah tashi." Ta zagayo ta kama shi. "Wallahi da makon farko ka zo da na yaga ta a gabanka. Sau biyu ina kiranta ina cewa ta sake tunani. Yanzu takardar ta wuce sama, an sa hannu. Mutum ɗari da sittin suka nemi gurbin. Wadda aka ɗauka tana ciki tun safe, ana nuna mata aiki."

Ya yi godiya, don ba laifinta ba ne. A hanyar fita ya bi ta gaban ɗakin gwajin, ƙafarsa ce ta kai shi. Ta gilashi ya hango wata yarinya da sabon farin kwat, hannun ya yi mata tsawo ta naɗe shi, tana zaune a kujerar Auta tana gyara tsayinta. Murna a fuskarta kamar ta tashi sama. Bai ji haushinta ba. Ya san a wani gida yau akwai uban da bakinsa ya ƙi rufuwa.

Wata abokiyar aikin Auta ta gane shi, ta fito da sauri ta gaishe shi. Ta ce Auta ta bugo waya ba ta jin daɗi, ba za ta shigo ba, ga shi kuma ana son a ba sabuwar ma'aikaciyar makullin lokar ajiyar kaya yau. Ko zai tafi mata da kayanta? Ta shiga ta fito da kwalin safar hannu, an cika shi: kofin shayi, takalmin roba, darduma, man shafawa, da wani ɗan littafi da ya cika da zanen akuya a gefen kowane shafi.

Haka ya ratso harabar asibitin da rigarsa mafi kyau, rungume da kwali. A motar haya ya ɗora shi a cinya, kwandasta ya ce sai ya biya kuɗin kaya, ya biya.

Ya tarar da ita a falo, a teburin cin abinci, idanu sun kumbura, allon zanenta a gaba. Aiki take yi. Mutum dubu biyu da ɗari shida sun ba da kuɗinsu, kuma ko Injiniya ya koma ofis gobe, ita ba za ta iya cin haƙƙin mutane ba. Ta ɗago ta ga rigar, ta ga kwalin, ta ga ƙurar da ke gwiwar wandonsa ta dama.

"Baba, ina ka je?"

Ya ajiye kwalin a gefen allon a hankali, don kar kofin ya fashe.

"Sun ce ki mayar musu da katin shiga kafin Juma'a," ya ce.